Kakana Mutumin Gabas

Kakana na wajen uwa ya rasu ina da shekara goma sha biyu. A ƙauyenmu, can arewa da Kazaure, mutumin gabas ake ce masa. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma shi kaɗai ne a garin yake karya kumallo da gahawa mai citta maimakon koko. In ransa ya ɓaci sai harshensa ya juya zuwa Larabci, mu jikoki mu laɓe muna dariya. Abin da muka sani kawai shi ne an haife shi a wani ƙauye a bakin kogi a ƙasar Sudan. Mahaifiyata ta riƙe sunan ƙauyen, ta kuma riƙe sunan ƙanwarsa guda da ya baro a can.

Na zo Alƙahira karatu a 2011, muka kama gida mu biyar a unguwar Hay el-Sabi'. A shekarata ta uku, wani abokin ajina, Bahaushen Sudan, ya gayyace ni cin abincin rana a unguwar Faisal. Gwaggonsa ce ta zo a duba mata gwiwa, suka kama ɗaki a hawa na shida. Bayan sallar Juma'a muka shiga ƙaramar bas, muka sha cunkoso, muka isa gumi sharkaf.

Da muka gama cin abinci, tsohuwar ta ɗora wata 'yar butar ƙasa a wuta. Ƙanshin gahawa mai citta na bugun hancina na ƙura wa butar ido. Rabona da shi tun ran da aka share ɗakin kakana.

"Ɗana, lafiya? Ko ba ka sha ne?" in ji ta.

Na ce, "Ina sha, Hajiya. Kakana na tuna."

Na ba ta ɗan abin da na sani. Ta sa na maimaita sunan ƙauyen har sau biyu, sannan ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ni ba 'yar can ba ce, amma ina da 'ya da take aure kusa da su. Rubuta min sunan kakanka da na ƙanwar tasa."

Na rubuta a bayan takardar magani, har da lambar wayata, ban sa rai da komai ba. Ta koma gida, aka yi wata huɗu shiru, har na manta.

Wata Talata da la'asar ina shanya kaya a baranda, wayata ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, Hausarsa irin ta mutanen da, tana tafe da Larabci nan da can. Ya tambaye ni sunan kakana, da sunan mahaifin kakana. Na faɗa masa. Sai ya ce, "To, ni ɗan ƙanwarsa ne. Yana raye?"

Na ce ya rasu. Ya yi masa addu'a doguwa, ni kuwa na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙiyar riga a hannu.

Daga ranar muka riƙa waya duk Juma'a, ina rubuta abin da yake faɗa a littafin darasina na nahawu. A bakinsa na ji asalinmu.

Kakan kakana manomi ne a ƙauyenmu. Bayan wata shekarar fari ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa biyu da jaki guda, ya ce za shi Makka. A ƙafa suka tafi. Duk inda damina ta riske su sai su tsaya, su yi ƙodago a gonakin mutane, in an yi girbi su ƙara gaba. Haka suka ratsa Barno da Wadai da Darfur cikin shekara bakwai. 'Yar macen ta rasu a hanya, aka binne ta a gindin wata tsamiya. Da suka iso bakin kogin, matar ta zauna ta ce ita kam ƙafarta ta ƙare. Mai garin wurin ya nuna musu wani daji mai ƙaya, ya ce in za su iya sarewa, nasu ne. Gida biyar ne suka haɗu, duk Hausawa matafiya. Suka sare dajin, suka shuka dawa da kuɓewa, suka yi masallacin zana. Tsohon bai taɓa ganin Makka ba. Ɗansa, wanda ya baro gida yana goye a baya, shi ya sauke farali bayan shekaru, kuma shi ne ya haifi kakana.

Na tambayi dattijon, "Kawu, to me ya mai da kakana Najeriya?"

Ya ce, "Aike. Mahaifinsa ne ya ce ya je ya dubo ko akwai sauran dangi, ya gaishe su, ya dawo kafin damina biyu. Ina ɗan shekara biyar lokacin. Abin da na tuna kawai ya ɗaga ni sama kafin ya hau akori-kura. Mahaifiyata kuwa har ta bar duniya, duk baƙon da ya zo daga yamma sai ta tambaye shi yayanta."

Sauran labarin a wajen mahaifiyata na same shi, domin da na buga mata waya sai ga abubuwan da ba ta taɓa faɗa ba suna fitowa. Kakana ya iso ya tarar da wata gwaggon mahaifinsa, tsohuwa, makauniya, ba ta da kowa, gonar gidan ta koma saura. Ya ce zai noma mata damina ɗaya. Da rani ya yi, ya ga fadamar garin kwance ba mai taɓa ta, sai ya kafa jigo a bakin ruwa kamar yadda ake yi a inda ya taso, ya shuka albasa da tumatir. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai baƙo yana noma ba ruwan sama. Shekara uku ba a yi ba, jigo ya kai ashirin a fadamar. Liman ya ba shi 'yarsa. Sau biyu yana ɗaura niyyar komawa. Na farko ɗan farinsa ya kwanta ciwo, na biyu aka ce hanya ba lafiya. Wasiƙu suka yi ta raguwa har suka yanke.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Shi ma kunya yake ji. An aike shi bai koma ba."

Ran da na haɗa Inna da Kawu a waya ɗaya, ina tsoron kuka za su yi ta yi. Sun ɗan yi. Amma 'yar namiji da ɗan mace taubasai ne, ba a yi minti biyar ba suka fara tsiya. Ya ce mata ubanta ɓataccen ɗan aike ne. Ta ce ai gara shi, ya san hanyar gida, su kuwa an ce Makka sun ɓuge da noman kuɓewa. Ina tsaye a baranda, motoci na ta oda a ƙasa, ina jin tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba suna ƙyalƙyala dariya.

Da na gama jarrabawar ƙarshe a 2015, na hau jirgin ƙasa zuwa Aswan, daga nan na bi mota na shiga Sudan. Kwana huɗu na yi kafin na isa. Kawu ya tarye ni a bakin hanya da sanda a hannu, jikokinsa na biye da shi. Washegari ya kai ni bayan gari, ya nuna min wani yanki na gona da aka kewaye da aduwa. Ya ce rabon kakana ne. Su suke nomawa duk shekara, amma ba wanda ya taɓa kiranta tasa.

Aka miƙo min fartanya. Ban kai ƙarshen kunya ɗaya ba tafin hannuna ya yi ƙanta. Kawu ya karɓe, ya ce in je inuwa in zauna, gobe da sassafe zai koya min yadda ake riƙewa.