Daga Dama Aka Fara

Shekarar da ƙasa ta koma tuƙi ta hannun dama na gama firamare a Kafanchan, na kuma ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. Takardar ta zo da jerin kayan da za a kawo: bokiti, fitila, bargo, yunifom biyu. Babana, ma'aikacin gyaran layin dogo, ya sayo shuɗin yadi ya kai wa wani tsohon tela a bakin kasuwa, aka gwada ni. Saura mako uku in tafi, mamata ta yanke jiki ta faɗi a wurin dakan acca, ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Ni ce babba, ƙannena uku duk maza. Baba ya ce in dakata zango ɗaya, zai rubuta wa makaranta su riƙe mini gurbi. Zangon ya wuce, na biyu ya shiga.

Aikin ba mai wuyar koyo ba ne. In juya Mama, in wanke ta, in ba ta kunu da cokali, in sake juya ta. Tagar ɗakin tana kallon layin dogo. A garinmu jirage suke rabuwa, wannan ya nufi Jos, wancan Kaduna, wani kudu. Ni iyakata famfo da kasuwa, kuma ko can ba na daɗewa, don Mama ba ta iya korar ƙuda daga fuskarta in ya sauka ta hagu.

Maƙwabcinmu mai gyaran babur ne. Kayan gyaransa daga Japan suke zuwa, a naɗe cikin tsofaffin takardu, shi kuma yakan tara mini su don kunna wuta. Wata rana na warware wata doguwa, shafi biyu a haɗe, mai bai ɓata ta sosai ba. Zane ne, hoto huɗu a jere, da rubutu tsaye kamar sawun kaji. Na fara daga hagu kamar yadda aka koya mana. A na farko yarinya tana zaune a bakin taga, yunifom ɗinta rataye a bango. A na biyu ta sa shi, hannunta a kan ƙullin ɗankwalin da ke ƙirjinta. A na uku tana ƙofar gida da jaka. A na huɗu ga ta a tasha, ga jirgi.

Ban kunna wuta da ita ba.

Yunifom ɗin ne ya riƙe ni. Wuyan rigar faffaɗa ne, ya sauko gaba kamar bakin almakashi, a baya kuma ya kwanta da kusurwa huɗu, da fararen layuka uku a gefensa. Siket ɗin mai tattara ne. Na riƙa zana shi da fensir a bayan tsofaffin fom-fom na wurin aikin Baba. Da farko wuyan yakan fito kamar an jefa mata tsumma a kafaɗa. Sai da na gane cewa layukan nan uku dole su karya kwana tare, kada wani ya riga wani. Tattarar kuma a matse take farawa daga ƙugu, ta buɗe tana sauka, kuma idan yarinyar ta ɗaga ƙafa, ta wannan gefen kaɗai take buɗewa. Wannan ya ci mini kusan wata guda.

Na nuna wa Mama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da yarenmu, bakinta a karkace, “Idon mujiya gare ta.” Ranar ta yi dariya, rabin fuskarta kawai.

Da na tabbata hannuna ya faɗa, na ɗauki zanena da takardar na je wurin tela. Bahaushe ne, kakanninsa ma a kasuwar suka zauna, kuma tun ranar gwaji yake kirana 'yar makaranta.

“'Yar makaranta! Yaya jikin mutuniyar?”

“Da sauƙi, Baba. So nake ka yi wa yunifom ɗina irin wannan wuyan.”

Ya gyara tabarau. “To fa. Shugabar makarantar taku ce ta ce Japan za a kai ku? Wa ya zana?”

“Ni.”

“Da wannan hannun na wanke-wanke? Lalle. Ko tattarar kin bi ta daidai. Ina kika gano ta?”

Na shimfiɗa masa takardar a kan keken ɗinki, na bi hotunan da yatsa ina ba shi labari: tana zaune, ta shirya, ta fita, ta hau jirgi. Ya bar ni na gama, sannan ya tuntsire da dariya.

“Ke! Ƙasa ma ta koma hannun dama, ke kina nan kan hagu? Ta baya kika karanta ta.”

“Haka ake karatu, Baba.”

“Haka ake karatun boko. Mu da muka tashi da ajami, daga dama muke buɗe littafi. Dubi ƙasan shafi.”

Na duba. Akwai ƙananan lambobi irin namu, ban taɓa kula da su ba. Na dama arba'in da shida, na hagu arba'in da bakwai.

Ya ɗora farcensa a kan jirgin ya biyo da shi. “Ta sauka a tasha. Ta iso gida. Nan kuma kwancewa take yi, ba ɗaurawa ba. Ba ki ga baki ɗaya na ɗankwalin ya fi tsawo ba? Ja take yi. Ga shi ta rataye kayan, ta zauna.”

Yana kaiwa kan hoton taga dariyar ta tsaya masa. Ya naɗe takardar a hankali ya miƙo mini. Na tambaye shi wuyan fa. Ya ɗauki alli, ya ajiye, ya ce, “'Yata, je ki tambayi babanki tukuna.”

Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi kantar da ke bayansa. Shuɗin yadin yana nan, amma an riga an shata shi da alli. Na yi watanni ina kallon layuka, na san abin da nake gani. Shatin gajeren wando ne, guda uku, kowanne ya fi wani girma.

Baba ya dawo da la'asar, ya zauna a bakin ƙofa yana wanke ƙafa. Na tsaya riƙe da buta.

“Baba, me makaranta suka ce?”

“Ana kan magana.”

“Na je wurin tela.”

Ya daina cuɗa ƙafar. Hausar Baba ba ta da “ke”, kowa “kai” ne a wurinsa, amma ban taɓa jin nauyin hakan ba sai ranar.

“Kai ne babba,” ya ce. “Wa zai duba mamanka? Na rubuta leta na ce su ba wani gurbin.”

“Yaushe?”

“Satin da ya faɗi.”

Satin da Mama ta faɗi ke nan, wato tun kafin ya ce in dakata zango ɗaya. Duk shirun da ya yi ta yi, ni na ɗauka jiran amsa yake. Na zuba masa sauran ruwan, na shiga ciki, lokacin juya Mama ya yi.

Ana gobe Kirsimeti aka kawo wandunan. A ƙasan ƙunshin akwai wani abu da ba a ce a ɗinka ba: wuyan riga shi kaɗai, ba riga, daga ragowar yadin. Fararen layuka uku, sun karya kwana tare. Mama ta nuna shi da hannunta mai lafiya ta ce in sa. Na ɗora shi a kan rigar da nake girki da ita, na zura ɗankwalina ta ƙarƙashi na ƙulla. Ta kalle ni, ta ce in matso mata da fo na fitsari.

Shekara huɗu na yi a ɗakin nan. Ban daina zane ba, kuma hoto na biyu na fi yi, na hannu a kan ƙulli. Nakan daidaita bakin ɗankwalin biyu, tsawo ɗaya, yadda ko tela ba zai iya cewa ɗaurawa take ko kwancewa ba. Ban taɓa sa lamba a ƙasan shafi ba.