Gayya a gonar makaho

Waɗanda ke gonar ran nan su ne: ni, da makahon mai gonar yana zaune gindin gawo, da tsoho mai gangar noma, da 'yan mata masu ɗauko hura, da samarin garinmu, waɗanda mafi yawansu ko gemu ba su fara ba. Akwai 'ya'yan Fulanin rugar bayan dutse da sunka zo taya mu. Sai ɗan yayana, wanda anka naɗa sarkin samari damanar nan.

Ba don ya isa anka naɗa shi ba. Shekarar ce Nasara sunka kwashe mazanmu aikin hanyar mota wajen Madawa, waɗanda sunka kuɓuta kuma sunka gudu kudu. Dattawa sunka duba abin da ya saura, sunka aza mai hula. Ni kuma anka ce in zama uwar gayya, in sa ido. Ina da nawa noman, ga ciwon baya, amma ba wanda ya tambaye ni.

Haki ya kusa shaƙe geron makahon. In ba a nome shi kafin ruwa na gaba ba, shi da jikokinsa ba abin da za su sa a rumbu.

A wurinmu sarkin samari ba ya tsere da kowa. Baya yake tsayawa wajen ƙanana, yana gyara musu kuyyar noma. In hura ta zo, ludayi na hannunsa: baƙi su fara sha, shi ne na ƙarshe. Na gaya mai haka tun a hanya. Ya ce, "Na ji, Gwaggo."

Ganga na tashi, 'yan mata na guɗa, ya manta. Ya duƙa ya wuce kowa, mai ganga na yi mai kirari. Ƙananan da ya bari baya sunka ruɗe, suna son cim mai, suna sare gero tare da haki. Ina kira, ganga ta fi ni murya.

Da rana ta take anka sauke ƙoran hura, shi ya fara kai baki, abokansa sunka rufa mai. Kafin a tuna da baƙi saura ruwa-ruwa a gindin ƙwarya. Babban yaron Fulanin ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce, "Sarki, a bar wa kaji wannan." Ya yi wa 'yan'uwansa magana da Fillanci, sunka saɓa hauyoyinsu sunka tahi. Rabin gona na nan da haki.

Makahon ya ɗaga kai. "Uwar gayya, na ji ƙarar hauya ta ragu. An gama?"

"Ba a gama ba, Baba."



Da la'asar ɗan yayana ya iske ni ina ɗaure tushen geron da anka sassare, ko wani zai tashi. Ya ce, "Gwaggo, ai ni na fi kowa noma yau."

"Ka fi kowa. Gonar ta nomu?"

Ya waiga ya dubi hakin da ya saura.

"Hular nan ta nauyi ce, ɗan nan. Ubanka da ya sa ta, sau nawa ya koma gida da ƙishirwa."

Gabas ta fara haɗa hadari. Ban da ƙarfin faɗa, na tahi gida.

Da asuba na ɗebi geron da nake tattali, na daka, na dama hura ƙwarya cike. Na tada ɗan yayana, na aza mai ita a kai kamar budurwa, na sa mai ludayi a hannu. Na ce ya kai ruga, ya tsuguna, ya shayar da su ɗaya bayan ɗaya, kada ya kurɓa, sannan ya roƙe su su dawo. Na tsaya har na ga ya bi hanyar dutse. Sannan na ɗauki hauyata na nufi gonar makaho, na kama kuyyar da ƙanana sunka bari.