Ɗigon da Gumi Ya Cinye

Yayana Basharu shekara ashirin ya yi yana buga tafireta a wata sakandare a Gwandu, bai taɓa tambayar kowa inda harafi yake ba. A 1996 makarantar ta yi gwanjon wata tsohuwar kwamfuta, ya saye ta don abu ɗaya: Baba ya tsufa, kuma shi kaɗai ya riƙe salsalar gidanmu. Wata huɗu Baba na faɗa Basharu na bugawa, har kaka na goma sha ɗaya. Da damina Baba ya rasu.

Na'urar nan ba ta tashi sai an zura mata faifai. Lukuman, mai gyara daga Kalgo, ya bar masa manya guda uku: ɗaya na tayar da ita, ɗaya na wani tsarin da ba nata ba, ɗaya kuma yana tayar da ita ya share duk abin da ke ciki. Basharu, sarkin dabara, ya yi musu alama da tawadar allo: ba, ta, ca. Duk wanda ya yi karatun allo ya san jikinsu ɗaya, ɗigo ne bambancin. Ranar sadakar bakwai ya cusa su a aljihu don ɓoye wa yara, ya wuni yana zufa. Ɗigon duk ya narke.

Na yi masa faɗa har muryata ta dishe, don raina ya ɓaci ƙwarai.

Muka hau mota sai Kalgo. Lukuman ya juya faya-fayan nan ya ce, "Malam, ido ba ya gane su. Tawa na'urar kuma ƙananan faifai take ci."

Basharu ya ce, "To mi za a yi?"

Lukuman ya ba shi sabon ƙaramin faifan tayarwa. Muka dawo Gwandu, bakin na'urarmu ya yi masa faɗi. Muka koma Kalgo, muka tarar Lukuman ya tashi zuwa Legas.

Na ce, "Yaya, yi bisimilla ka zura ɗaya mana."

Ya jera manyan nan uku a tabarma, ya ɗauki na tsakiya, ya kai bakin na'urar, ya mayar. Ya ce, "Azumi, in ban zura ba, maganar Baba na nan ciki."

Shekara uku ke nan. Kowace Juma'a yana kakkaɓe mata ƙura ya rufe ta da zane. Kakanni shida yake iya kawowa da ka, ni huɗu.