Mutumin da Ya Shaƙi Tokar Nuzla

Da an sallame sallar asuba, Malam Abdulghaffar yakan jiƙa tsumma ya ɗaure hanci, ya hau kekensa ya nufi masana'antar narka ƙarfe da ke maƙwabtaka da unguwarmu. Aikinsa a can sama yake, a wani ɗakin kwano inda hayaƙin tanderu ke bi ta cikin dogayen buhuna kafin ya fita. Buhunan ne ke tare toka. In ba a kaɗe su ba sai su toshe, a buɗe wa hayaƙin wata ƙofa ya fita ɗanye, iska ta kawo mana shi har cikin tukunya. Shi ke shiga da sanda ya kaɗe su, yau fiye da shekara goma. Makon jiya ya ajiye aiki, domin ƙirjinsa ya ƙi hawan tsani. Ko shayi ba a dafa masa ba.

Ni malamin makaranta ne a Nuzla, unguwarmu ta nan Jidda, na san irin tarin da yara suka yi a ajina kafin ya hau tsanin nan. Don haka raina a ɓace yake, kuma ba da kamfanin kaɗai ba.

Lokacin da aka sayo injinan daga Japan, wadda mutanen Jidda ke kira Yaban, an tura shi koyon aiki a wani birni mai suna Kitakyushu. Ya dawo da labari cike da baki. Ya ce garuruwa biyar aka haɗa suka zama gari guda, kuma ƙarfe ne uwa da uban kowa. Bututun hayaƙi ko'ina, wani na fitar da ja, wani rawaya, mutane kuwa har alfahari suke yi da shi, don a ganinsu in hayaƙi na tashi tukunya na kan wuta. Akwai wata jar gada a kan ruwan da kifi ya daɗe da ƙaurace wa. Mazan garin masu zafin rai ne da saurin hucewa, kamar 'yan dakon kasuwar Bab Makka, kuma in zafi ya shigo sukan fito da ganguna su cika titi. Tsohuwar da ta ba shi masauki, da ta gane ba ya cin namansu, kifi take nemo masa daga nesa ba tare da ya roƙa ba.

Amma matan garin ne suka tsaya masa a rai. Da 'ya'yansu suka kama tari, sai suka riƙa shanya fararen ƙyallaye a waje, in sun yi baƙi su naɗe su kai gaban manyan kamfani. Mazajensu kuwa a kamfanonin nan suke cin abinci.

Mu me muka yi da wannan labari? Dariya. Hamad mai shayi na hango shi zai ɗaga murya: "Yalla, Ɗan Yaban, zo ka ba mu na hayaƙi mai kala-kala!"

Ba a daɗe ba kamfanin ya ga kaɗe buhuna ɓata lokaci ne, aka bar ƙofar hayaƙi a buɗe. Dariya ta koma tari. Matarsa Dela ce ta fara shanya farin mayafi a kan katanga, maƙwabta suka bi sahu. Mu maza muka yi ta cika baki a ƙofar masallaci cewa tare za a je wajen mudir, shugaban masana'antar. Ranar tafiya, wannan surukinsa ya sauka daga Makka, wancan haƙori ya tashi. Ga ƙato da rawani, amma an ambaci iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, sai kowa ya noƙe. Abdulghaffar kaɗai ya shiga gaban matan.

Dela ta ba ni labarin yadda aka yi. Suka baje mayafan a kan tebur, mudir bai ko dube su ba.

"Ya Abdulghaffar, iƙamarka a hannun wa take?"

"A hannunka, ya mudir. Kai ne kafilina, da sa hannunka nake zaune a ƙasar nan."

"To?"

"To wannan abin da ke kan tebur shi ne a ƙirjin 'ya'yanmu. Ka kore ni in ka so, wallahi ba zai yi fari ba."

Mudir ya yi murmushi. "Tunda buhuna kake so, halas, magana ta ƙare. Daga gobe naka ne."

Haka aka ɗauke mutumin da ya ƙetare teku don koyon sarrafa tanderu, aka miƙa masa sanda. An yi ne don ya ji kunya ya gudu, a rufe ɗakin a huta. Bai gudu ba.

Malam Abdulghaffar, garkuwar Nuzla, kai ne ka karɓi horo ka mayar da shi amana. Kai ne ka shaƙi abin da aka nufi 'ya'yanmu da shi, alhali iyayensu na zaune suna kiran ka Ɗan Yaban. Yaran da suka daina tari a ajina, wasu yau sun yi aure, ba su ma san sunanka ba. Mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare. Allah Ya saka maka da abin da muka kasa.

Yanzu ga inda ake. Tunda ya sauka ba a sa kowa a gurbinsa ba, kuma an ce za a sa wa ɗakin kwaɗo. Jiya na je gaishe shi, na tarar da shi jingine da bango yana jan numfashi da ƙyar. Na ce ina rubutu a kansa.

"Bar yabon nan, Malam," in ji shi. "Wa ya hau yau?"

Na ce babu.

Sai ya ce, "Ranar Asabar zan koma bakin ƙofar mudir. Magana mai tsawo ba zan iya ba yanzu, amma tsayuwa zan iya."

To, mazan Nuzla, kun ji. A nemi a sa mutane su riƙa karɓa-karɓa a ɗakin, da abin rufe hanci na gaskiya, kada a sake barin mutum ɗaya ya ƙare a ciki. Dela ta ce ita za ta riƙe shi a hanya in ba a sami namiji ba. Ni zan riƙe hannunsa na dama. Na hagu yana nan, ina jiran in ga wanda zai zo.