Maharazu da Gafiyoyin Madatsa

Maharazu maharbi ne tun tasowarsa, a wani ƙauye da ke cikin duwatsun yamma da Dutse. Ba ya ɓata kibiya, amma bakinsa ya fi bakansa ƙarfi. In ya harbo zomo, kafin ya iso gida labarin ya zama na barewa. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya, Zinariya, wadda ya aurar wa wani manomi mai suna Uwaisu a unguwar da ke ƙasan kwari.

Ba a daɗe da zuwan Turawa ba wani Bature mai rangadi ya sauka a ƙauyen, ya ga ruwan damina na gangarowa tsakanin duwatsu biyu, ya ce a tare shi. Ba don noma ba, ba don sha ba. So yake tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya su riƙa sauka, shi kuma ya zauna a kujerarsa ta tafi-da-gidanka yana kallo. Aka tara mutane aikin dole, suka yi ta jidar jar ƙasa a kwanduna har madatsa ta tashi, ta wuce tsayin rumbu. Ruwa ya kwanta, tsuntsaye suka zo. Unguwar su Zinariya kuwa tana nan a ƙasa, daidai inda ruwan ya saba bi.

Da aka nemi mai gadi, dagaci ya ce a ba maharbi, don shi ya san dabarun maharba. Aka kira Liman Idirisu da Alƙur'ani. Tafinta ya ce abin da ake so kawai, Maharazu ya rantse ba zai kashe wani mai rai a kewayen tafkin ba, ba zai bari a kashe ba. Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma ga taro, ga Bature na kallo, sai bakin nan nasa ya motsa. Ya dafa littafin ya ce, "In na karya, Alƙur'ani ya ci ni, ya ci abin da na haifa, da abin da zai haifa."

Liman ya ce, "Kai Maharazu, wa ya tambaye ka wannan?" Amma magana ta riga ta fita.

Baturen ya zo kallo 'yan lokuta, daga nan aka mayar da shi wata ƙasa. Wanda ya gaje shi bai ma san da tafkin ba. Su kuwa gafiyoyi sun sani. Ga ƙasa mai laushi, ga ruwa kusa, ga maharbin da aka ɗaure wa hannu. Suka yi ta haƙa a jikin madatsa, suka hayayyafa. Shekara na zagayowa, Maharazu ya fara ganin bayan madatsar na jiƙewa da rani tsaka, ciyawa na yin kore inda bai kamata ba.

Abin haushin, ya san maganinsu sarai: hayaƙi a bakin rami, sanda a ɗaya bakin. Aikin da ya yi tun yana ƙarami. Amma ko toshe ramin bai iya yi da su a ciki, don in suka mutu a ciki shi ya kashe. Sai ya riƙa kama su da rai a kwando, ya haye dutse da su ya zubar, yana zaginsu. Kafin ya huta sun riga shi dawowa. Mutane na dariya, suna ce masa makiyayin gafiya.

Ya je wurin dagaci. Dagaci ya ce, "Dokar Bature ce, Bature zai warware." Ya taka har Dutse, ya yini a ƙofar hakimi, aka ce ya jira rangadi. Ya dawo wurin Liman.

"Allah gafarta Malam, ba yadda za a kwance ni?"

"Akwai kaffara, ka yi azumi, Allah mai gafara ne."

"Ita Zinariya fa? Na sa ta a cikin rantsuwar, ga ta da juna biyu. Ka tabbatar mini ba abin da zai same ta?"

Liman ya ce tabbas na Allah ne. Maharazu ya tashi jiki a sanyaye. In ya kashe, yana tsoron rantsuwa ta faɗa kan 'yarsa. In ya bari, ruwa ne zai faɗa kanta. Ya roƙi Uwaisu su tashi daga kwarin. Uwaisu ya ce, "Baba, gona na nan, rumbu na nan, mu tashi mu ci me?"

Cikin tsakiyar damina, wata rana bayan azahar, ya ga ruwan da ke tsatsowa ya rine ya zama ja. Ƙasar madatsar ce ke fita. Ya gangara da gudu yana kururuwa a hau dutse. Mutane suka hau, shi ya riƙo hannun Zinariya har sama. Uwaisu ya koma kwance awaki. Sai ga ƙara, madatsa ta buɗe daga tsakiya. Ruwan ya tafi da ɗakuna da rumbuna da gero mai bunni. Uwaisu sai washegari aka same shi a cikin yashi.

Zinariya ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Da ta haihu ta gama takaba, dangin mijin suka tashi zuwa Jahun da ita da jaririn. Ta durƙusa ta ce, "Baba, taho mu tafi."

Ya ce, "Ba a sallame ni ba."

Ranar da suka tafi ya zauna kan guntun madatsar da ya rage, ba ruwa, ba tsuntsu. Wata ƙatuwar gafiya ta fito daga rami kusa da ƙafarsa, ba ta ko tsoronsa. Ya ɗaga sanda, hawaye na zuba. Ya tuna da jaririn da ke bayan Zinariya a kan hanyar Jahun. Ya sauke sandar a hankali, gafiya ta wuce abinta.