Modibbo Bakari da Takardar Auren Zipporah

A safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 2023, ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Jimeta, 'yarka Basma ta kira ni. Muryarta a dushe ta ce, "Goggo Keturah, Baba ya cika." Na ajiye alli, na zauna a kan bencin ɗalibai. Allah ya karɓi ranka a gidanka da ke Makama, cikin Yola, bayan jinyar da ta kwantar da kai tun ƙarshen damina. Modibbo Bakari, ashe sallamar da muka yi a ƙofar zaurenka ita ce ta ƙarshe.

Mutanen Yola sun san ka da zayyana. Duk wanda ɗansa ya sauke Alƙur'ani a Makama ko Adarawo, wurinka yake kawo allo ka ƙawata shi. Ni kuwa ta hanyar mijina Silas na san ka. Kun koyar a firamare ɗaya kuna samari, shi lissafi, kai Larabci, shi Kirista daga Numan, kai Bafillacen Yola, kuna cin abinci a kwano ɗaya a gindin darbejiya. Da Silas ya rasu, 'yarmu Zipporah tana aji biyu a sakandare, ka zo ka tsaya a wajen majami'a cikin rana har aka fito da shi, ka bi mu har Numan. Daga ranar ba ta sake kiranka da wani suna ba sai Bappa, wato ɗan'uwan uba. Kai kake zuwa karɓo sakamakon jarrabawarta idan aiki ya riƙe ni. Da ta yi zazzaɓin da ya kusa kashe ta, matarka Hajiya Aminatu ta kwana da mu a asibiti, kai kana kawo kunu a kan tsohon babur ɗinka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikin da ka yi wa yarinyar nan a ƙarshen ƙarfinka. Mutane kaɗan ne suka san yadda aka yi, ina so kuma a sani.

Zipporah ta yi karatun aikin jinya, ta samu aiki a Kanada. A can ta haɗu da wani saurayi mai suna Danny, Bayahude, ta yi shekaru tana nazarin addininsu, daga baya ta shige shi. Na yi kuka, na yi addu'a, sa'an nan na sa mata albarka, domin 'yata ce kuma ita kaɗai Allah ya bar mini. Da aka sa ranar aure ta bayyana mini cewa a al'adarsu akwai takarda da ake kira ketuba. A cikinta ango yake ɗaukar alkawarin haƙƙoƙin amarya, shaidu biyu su sa hannu, a karanta a gaban jama'a, a miƙa wa amarya ta ajiye. Ana ƙawata gefenta, a sa a gilashi, a rataye a falo. Ta turo mini hotunan waɗanda ake sayarwa a can, wata da zanen Urushalima, wata da itatuwa, wata da ruwan zinariya. Ta ce ita da Danny sun dudduba, babu wadda ta kwanta mata. "Mama," in ji ta, "duk suna da kyau, amma babu gida a ciki. Ina so Bappa ya yi mini."

Gaskiya na ji nauyin zuwa maka da wannan magana. Na shiga keke daga Jimeta ina ta juya yadda zan faɗa. Ka saurare ni har na gama, ba ka ce to ba, ba ka ce a'a ba. Ka ce, "Maman Zipporah, ban taɓa sa tawadata a gefen maganar da ban san ma'anarta ba. A faɗa mini abin da ke ciki tukuna." Muka kira su a waya. Danny ya riƙa karantawa da Turanci, Zipporah tana mayarwa Hausa: zai ciyar da ita, ya tufatar da ita, ya mutunta ta, ya riƙe ta da gaskiya, kuma idan mutuwa ko rabuwa ta zo, akwai haƙƙin da ba za a hana ta ba. Ka shafa gemu. Can ka ce, "Ashe takarda ce ta kare mace. Yarinya marainiya za ta zauna a ƙasar da ba ta da kowa, wannan ai uba ne ya kamata ya nema mata. Zan yi." Sai dai ka kafa sharaɗi: ba za ka taɓa rubutunsu ba, marubucinsu ya cika tsakiya, kai gefe ne naka, kuma ba ka zana mai rai.

Takardar ta iso, mai kauri, an ja layi da fensir a kewaye da inda rubutu zai zauna. Nan aka shiga zaɓe. Kowace Lahadi bayan sujada nakan zo, mu zauna a zaurenka, waya a kan buzu, su biyu suna magana daga can. Ka tambayi Danny abin da yake tunawa da gidan iyayensa, ya ce kakarsa tana da mayafin tebur mai zanen rumman. Ka ce rumman kam an san shi a Alƙur'ani ma, ka sa shi a sama. Zipporah ta roƙi zangarniyar dawa irin ta gonar kakanta, da zanen da matan Fulani suke yi a bayan ƙwarya, domin a ƙwaryar Hajiya Aminatu ta sha nono tana ƙarama. Ta so a sa shuɗi da yawa, ka ƙi, ka ce zai danne rubutun mutane. Kuka yi ta ja har ta bar maka. A ƙasa ka jawo layuka biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, suka haɗu suka zama ɗaya, kamar yadda kogin Gongola yake shiga Binuwai a Numan.

Ban manta da maganganun da aka yi ba. Wasu a unguwa suka ce Modibbo ya tsufa ya koma yi wa Yahudawa aiki. Wani maƙwabcinka ya janye allon ɗansa ya kai wani wuri. Ɗanka Usaid ya zo ya same ni cikin ladabi ya ce abin yana damunsa. Kai kuwa ba ka ɓoye takardar ba. A zaure take, duk wanda ya shigo ka nuna masa, ka gaya masa abin da za a rubuta a tsakiya, ka ce ya faɗi abin da ya saɓa wa Allah a ciki.

Babbar damuwar daga gidanmu ta taso. Zipporah ta gaya mini, tana jin tsoro, cewa wanda ya shiga addininsu, a cikin takardar ana kiransa ɗan Ibrahim ne, ba a sa sunan mahaifinsa. Wato sunan Silas ba zai fito ba. Da maganar ta kai kunnen Manasseh, yayan Silas, wanda shi ne babba a gidansu, ya ce shi ke nan. Ya haƙura da addini, ya haƙura da nisa, amma yarinyar da ta yarda a share sunan ubanta ranar aurenta, kada ta ƙara kiransa Baba. Ya hana dangi su aika ko da gaisuwa. Zipporah ta yi ta kuka a waya har ta fara maganar ɗage auren.

Kai ne ka ce a tambayi malaminsu, wanda suke kira rabbi, ko akwai laifi a rubuta sunan uba a cikin adon gefe. Amsa ta dawo cewa babu laifi. Ka sa Usaid ya kai ka Numan a mota, ga zafi, ga ƙafarka da ta fara kumbura, takardar a naɗe cikin farin ƙyalle a kan cinyarka. Ina wurin. Ka shimfiɗa ta a gaban Manasseh, ka nuna masa wurin da ka bari a inda kogunan biyu suka haɗu. Ka ce, "Yaya Manasseh, nan zan sa sunan ƙaninka. Amma ba zan sa ba sai da izininka, kai ne uba yanzu." Manasseh ya daɗe yana kallon takardar. Da ya buɗe baki, cewa ya yi a sa har da sunan da mahaifiyarsu take kiran Silas da shi. A nan tsakar gidansa ka fito da alƙalamin kara da 'yar kwalbar tawada, ka rubuta da boko, ka rubuta da ajami, kana tsayawa kana goge ido. Dattijon nan da ban taɓa ganin hawayensa ba ya tashi ya shige ɗaki. Da yamma da kansa ya kira Zipporah.

Da ka gama aka mayar da takardar Kanada, ni ma na je auren. Na ga an ɗaga takardar a ƙarƙashin rumfar da suke ɗaura aure, an karanta ta da tsohon harshensu, an miƙa wa 'yata. Mahaifiyar Danny ta riƙe hannuna tana tambayata ma'anar kowane zane, na faɗa mata iyakar abin da Turancina ya iya. Da na dawo na kawo maka hoto. A lokacin idonka ya riga ya yi rauni ƙwarai. Ka kai hoton kusa da fuskarka, ka juya shi wajen hasken ƙofa, ka ce ba ka gani sosai, Basma ta zauna tana faɗa maka. Tambaya ɗaya ka yi: ko rubutunsu ya shiga daidai, bai taɓa zanen ba? Aka ce ya shiga. Ka ce, "Alhamdu lillahi." Ba ka sake yin wata zayyana ba bayan wannan.

Ranar jana'izarka mu mata muna cikin gida, Usaid ne ya ba ni labari daga baya. Manasseh ya taso daga Numan da sandarsa, ya tsaya a bayan sahu har aka idar da salla. Da aka ɗauki makara ya miƙa wa wani sandar, ya sa kafaɗarsa. Aka ce Baba ka bari, ba ka da ƙarfi. Ya ce a ƙyale shi, ƙaninsa ne ya aiko shi.

Zipporah tana da tsohon ciki, likita ya hana ta tafiya. Ta ce in gaya wa Hajiya cewa sau biyu ke nan tana rasa uba.

A madadinta, da mijinta Danny, da dukan gidan Silas, ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Aminatu, da Usaid, da Basma, da jikoki, da ɗalibanka, da jama'ar Makama baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya tsaya muku kamar yadda ya tsaya wa marayun wasu. Kai kuma, Modibbo, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Da irin addu'arku na roƙa maka, domin ita ka yi rayuwa a kai, na kuma san Ubangiji yana ji. Amin.