Merrilyn Tassone, Mai Haɗa Roba da Ƙarfe

Kullum da safe, kafin ma ta ɗora ruwan shayi, Merrilyn Tassone sai ta hau rufin masana'antarmu da ke Welshpool da filaya a hannu. A can take shanya guntayen ƙarfen da ta manna wa roba, rana ta gasa su, wasu kuma suna jiƙe a ruwan gishiri. Ta kama bakin robar ta ja iya ƙarfinta. Wanda ya ɗaye ya tafi bola, ita kuma ta sauko ɗakin gwaji ta sake haɗin gam.

Mu masu shimfiɗa roba a cikin tankunan ma'adinai mun san mafarin wannan naci. Tsohon gam yana riƙewa, amma warinsa mugu ne. Wata rana a yankin ma'adinai na Pilbara abokin aikinmu Gavin Petkovic ya yanke jiki ya faɗi a cikin tanki, da igiya muka jawo shi. Merrilyn, wadda muke kira Mez, ta je asibiti duba shi.

"Mez, gam ɗin nan naku ya fi giya bugarwa," in ji Gavin, yana dariya da ƙyar.

Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Ba za ka sake shaƙarsa ba."

Shekaru ta kwashe tana neman gam marar wannan wari. Wani ya riƙe a sanyi ya saki a zafi, wani gishiri ya cinye shi. Da aka samu mai ɗan dama-dama, Trevor manajanmu ya matsa a kai kasuwa.

"Haba Mez, ai wannan ya yi!"

"Bai yi ba, Trevor. In ya saki, ba kai za ka koma tankin ba."

Ta ci gaba da gwaji har ta dace. Gavin da kansa ya fara shafa sabon gam ɗin. Ya yini a tanki, ya fito garau yana cigiyar abinci. Da gam ɗin ya bushe muka taru muka ja, robar ce ta yage, gam bai saki ba.

Ke ce mai naci, Merrilyn. Babu sunanki a jikin gwangwanin gam ko ɗaya, amma saboda ke muke fitowa daga tanki da ƙafafunmu. Ga shi wannan watan za ki ajiye aiki. Mun gode.

Ku da za ku gaji ɗakin gwajinta, ku yi irin taurin kanta. Duk gwangwanin da kuka rufe, mutum ne zai buɗe shi, kuma ana jiran sa a gida.